Allurar Shanu da Cinikin Kara a Ƙasar Gumel

Ƙasar Gumel, watau ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasa ce ta rairayi da ƙarancin ruwan sama, inda gero da wake da riɗi suke yi, inda kuma tsando, ƙudan nan mai kawo sammore, ba ya samun wurin zama. Saboda haka tun zamanin da Mangawa suka kafa sarautarsu, tun ma kafin su taso daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, su zauna a Gumel cikin 1845, dabba ita ce ajiyar talaka da basarake, ita ake sayarwa ranar aure da ranar yunwa. Iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata daga baya ta raba tuta da haraji, amma ba ta raba ciyawa da rijiya ba, don haka har gobe garken da ya yi damina a ƙasar Damagaram yana iya yin kaka a Jajeri ko Galadi, ya yi rani a fadamun Haɗeja.

Wanda ke son ganin wannan dukiya a tare, sai ya nufi Maigatari ranar Alhamis. Tun daga Talata da Laraba ƙura take tashi ta arewa, ga garkunan da aka koro da ƙafa, ga motoci shaƙe da tumaki da awaki, ga Buzaye da raƙumansu. Kafin hantsin Alhamis ya dubi ludayi kara ta cika ta batse da jajayen shanu masu dogayen ƙahoni da ake ce wa rahaji, da fararen bunaji, da azawak, da raguna uda masu launi biyu, da balami, har da dawaki da jakuna, waɗansu daga Nijar, waɗansu daga Cadi, waɗansu ma daga Mali. Bayan kwana ɗaya ko biyu galibinsu sun watse: an loda waɗansu a tireloli zuwa Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal, an kora waɗansu zuwa Gujungu, waɗansu kuwa manoman Danzomo da Medu sun saye su don huɗa ko don turka, sun kai su cikin gidajensu sun ɗaure kusa da nasu.

A tsaya kusa da dillali a ga yadda yake aikinsa. Ba ya taya sa sai ya zagaya shi, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya damƙi tozo, ya shafa haƙarƙari, ya murɗa wutsiya ya ga ko zai zabura, ya dubi hanci ko da danshi, sa'an nan ya sa yaro ya ja shi 'yan taku kaɗan don a gane ko yana ɗingishi. Ya taya, mai shi ya ce albarka, ya ƙara, ya ce albarka, har a kai inda za a sallama, a fid da la'ada. Wannan ilmi ne na haƙiƙa, wanda aka gada kaka da kakanni, kuma ba kowane likitan da ya fito jami'a ba ne zai iya karanta jikin sa kamar yadda tsohon dillali yake yi; sai dai yana da iyaka, domin ido da hannu ba su kai wa ga abin da ke cikin huhu, alhali kuwa a can ne babbar mas'alar take.

Ciwon huhun shanu, wanda yake cikin mafi munin cututtukan da suka rage a wannan yanki, ta numfashi yake yaɗuwa, sa'ad da mai ɗauke da shi ya yi tari kusa da lafiyayye, a mashaya ko a turke ko a cikin mota. Kuma yakan yi makonni, wani lokaci watanni, a jikin dabba kafin alama ta bayyana. Idan ya bayyana, za a ga saniya ta ware daga garke ta nemi inuwa, ta miƙa wuya, ta buɗe ƙafafun gaba, tana nishi, in aka kore ta sai tari. Waɗansu su mutu, waɗansu su tashi. To, waɗanda suka tashin nan su ne abin tsoro, domin sau da yawa cutar takan dunƙule wuri guda cikin huhu, jiki ya yi mata kube ya rufe, dabbar ta murmure ta yi ƙiba ta yi sheƙi, tana kuwa ɗauke da ita tsawon watanni. Ranar da wahalar tafiya ko yunwar bazara ta raunana ta, sai ta shiga raba wa 'yan'uwanta. Allurar kashe ƙwayoyin cuta da makiyaya ke saye a rumfunan kasuwa, wadda ta sha rana a kan tebur, aka kuma yi ta ba bisa ƙa'ida ba, takan kwantar da tarin har dabba ta sayu, amma ba lalle ta kawar da asalin cutar ba. Ta haka ne sa guda da aka saya da murna ranar Alhamis zai iya zama sanadin asarar shanun huɗa na unguwa guda kafin damina ta faɗi.

Ba ciwon huhu kaɗai ba ne. Akwai ciwon baki da kofato, wanda ba safai yake kashe babbar dabba ba, amma yana kashe maruƙa, yana ƙafar da nono, yana gurgunta shanun noma daidai lokacin da ake bukatarsu. Akwai harbin daji da ciwon saifa masu kayar da dabba farat ɗaya, na biyun ma yana kama mutumin da ya feɗe ta ko ya ci namanta, kamar yadda aka tuna wa mutane sa'ad da ya ɓulla a wata gona kusa da Suleja cikin Yulin 2023. Akwai kuma annobar tumaki da awaki, mai zuwa da majina da gyambon baki da zawo, wadda aka fara bayyana ta a Kwaddibuwa cikin 1942. Wannan ta ƙarshen ita ce tafi shiga gidajen talakawa, tun da yake akuya da tunkiya galibi dukiyar mata ce, da su ake yi wa 'ya kayan ɗaki, da su ake biyan kuɗin asibiti, kuma in sun mutu babu mai rubutawa a wani littafi.

Kada wani ya zaci keɓe dabba mai ciwo bidi'a ce da Nasara ya zo da ita. Ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gangarar da su ruwa tare da lafiyayyun raƙuman wani. Kuma sa'ad da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham don labarin annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, da misalin kiwo ya kafa hujja, watau makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya mai dausayi ɗaya ƙeƙasasshe, duk gefen da ya zaɓa da ƙaddarar Allah ya zaɓa shi. Fuƙaha'u kuma sun yi bayani a babin ciniki cewa ɓoye aibi algus ne, mai saye yana da zaɓin mayarwa in ya gano shi. Hukunci dai a fili yake. Abin da ya kamata a bincika shi ne dalilin da ya sa mutumin kirki, mai salla, mai fid da zakkar shanunsa in sun kai 30, yake ɗaukar saniya mai tari ya kai kara bai ce uffan ba.

Kafin a amsa wannan sai an waiwayi cutar bushiya, tsohuwar annobar shanu, domin duk abin da muke da shi na aikin lafiyar dabbobi saboda ita aka gina shi. Ta shigo Afirka cikin 1887 ta tashar Masawa da ke bakin Bahar Maliya, cikin shanun da sojojin Italiya suka kawo, ba a yi 'yan shekaru ba ta ratso Sudan ta iso ƙasar Borno da ƙasar Hausa, ta kashe kamar takwas ko tara cikin kowane shanu goma, har Fulani da yawa suka bar daji suka koma noma don ba abin da ya rage musu. Ta yi ta komowa bayan haka, shi ya sa gwamnatin Turawa ta kafa ma'aikatar dabbobi, wadda ta fara zama a Zariya, kana aka mayar da ita Vom cikin 1924 don haɗa magungunan riga-kafi, inda take har yau. Cikin 1961 shugabannin aikin dabbobi na ƙasashen Afirka suka taru a Kano suka ƙulla shawarar yaƙar cutar gaba ɗaya, aka fara cikin 1962 da ƙasashe huɗu na tafkin Cadi, watau Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, da sharaɗin a yi wa kowace saniya allura shekara uku a jere, a huda mata kunne don shaida. Dattawan ruga har yanzu suna tuna malaman shanu na wancan zamani, da motocinsu, da akwatunan ƙanƙara, da shingayen itace da aka kakkafa a bakin burtali.

Aikin ya ci nasara har aka sakankance, sakankancewar kuwa ita ta jawo musiba. Da aka rufe shirin cikin 1976, an bar wa kowace ƙasa amanar ci gaba da yi wa maruƙa allura duk shekara, amma kuɗi suka janye, motoci suka lalace, shingaye gara ta cinye su, aka sami sabon zubi na shanu da ba su taɓa ganin allura ba. Cutar kuwa tana nan ta laɓe a iyakar Mali da Muritaniya da kuma kudancin Sudan, sai ta taso ta gabas da yamma ta haɗu a Nijeriya cikin 1983, aka yi asarar da aka ƙiyasta ta kai dala biliyan 2. Sai da aka sake sabon gangami na Afirka duka daga 1986 kafin a shawo kanta, daga bisani kuma, cikin 2011, aka yi shelar cewa bushiya ta ƙare a duniya, ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya ga bayanta da iznin Allah, bayan agana.

Bushiya ta yi sauƙin kashewa ta fuska guda, domin allurarta ɗaya tana tsare dabba muddin ranta. Ta ciwon huhu ba haka take ba: kariyarta ba ta wuce kamar shekara, sai an maimaita, wani lokaci kuma takan kumbura wurin da aka soka, abin da yakan sa makiyayi ya ɓoye shanunsa in ya ji masu allura sun sauka. Ga ta kuma da rashin jure zafi. Gari ne busasshe cikin 'yar kwalba, dole ya zauna cikin sanyi tun daga Vom har Dutse, daga Dutse har Gumel, daga Gumel har rugar da ke bayan Jeke, a watan da rana ke narkar da kwalta. In an dama shi da ruwansa kuwa, sai a yi amfani da shi nan da nan, in ya jima ya zama ruwa kawai. Malamin dabbobin da ya isa ruga da kula wadda ƙanƙararta ta narke tun a hanya, ya kuma tarar babu shingen da za a kora shanu ɗaya bayan ɗaya, sai dai samari su yi ta kokawa da kowane bajimi da igiya, zai yi wa kaɗan allura mai rai, ya yi wa saura wadda ta mutu, ya rubuta adadi ya koma. Bayan wata uku ciwo ya shiga garken, ardo ya ce allurar gwamnati ce ta kawo shi, baɗi kuma ba zai fito da ko maraƙi ba. Firji mai aiki da hasken rana a kowace gunduma, da babur mai mai, da shingen ƙarfe a bakin mashaya, su ne ginshiƙin al'amarin, ko da yake ba su da kwarjinin da za a gayyaci manyan baƙi a yanka musu kirtani.

Yanzu sai a komo ga tambayar da aka bari. Makiyayin da ya ga tari a garkensa, in ya kai rahoto, abin da ya sani shi ne za a iya tsare masa shanu, a hana shi sayarwa, wataƙila a ce a yanka, ba tare da tabbacin diyya ba. In ya yi shiru ya kai kara, zai sami ko da rabin kuɗi daga mahauci ko ɗan baranda. Ga kuma tsohon tabo na jangali, wanda ya koya wa mai shanu cewa duk ma'aikacin da ya zo da takarda da alƙalami ƙidaya ya zo yi, ƙidaya kuwa haraji ke binta. An soke jangali tun tuni, a tsohuwar Jihar Kano ma da sunan Abubakar Rimi ake tuna sokewar, amma tsoron bai soku ba. A ganina, muddin faɗin gaskiya yana jawo wa mutum asara, ɓoyewa kuma tana rage masa ita, to wa'azi kaɗai ba zai wadatar ba, tsanantawa a bakin kara kuma ba abin da za ta haifar sai komawar ciniki bayan gari, inda babu mai dubawa sam. Wajibi ne a sami wurin killace dabba kusa da kasuwa, mai ruwa da abinci da magani, a kuma ware asusun diyya wanda za a biya a gaban shaidu cikin kwanaki, don mai gaskiya ya ga ribar gaskiyarsa.

Rashin irin wannan wuri ba mai dabba marar lafiya kaɗai yake cuta ba. Wanda ya koro lafiyayyun shanu tafiyar kwanaki, ya iso ba shi da inda zai shayar da su ko ya ciyar da su har wata Alhamis sai da tsada, masu saye sun san ba zai koma da su ba, don haka sai su ja jiki har la'asar, su taya yadda suka ga dama. Ga shi kuma da ido ake ciniki, ba da ma'auni ba. Bayan an saya, sai a cusa shanu a tirela, ƙaho bisa ƙaho, a yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa Ikko ba ruwa ba ciyawa, ana tsayawa a shinge bayan shinge ana biyan kuɗin da wani yake da rasiɗi wani ba shi da shi. Waɗansu su rame, waɗansu su karye, waɗansu a yanka su a gefen titi. Falke ba ya ɗaukar wannan asara a kansa. Ya riga ya lissafta ta tun kafin ya taya, ya zare ta daga kuɗin makiyayin da bai taɓa ganin Ikko ba. A da, tun da layin dogo na Kano zuwa Nguru ya kammala cikin 1930 ya ratsa ta Gagarawa, jirgin ƙasa yana ɗaukar shanu zuwa kudu. Yau tashar tana nan, sabon layin Kano zuwa Maraɗi kuwa ta Kazaure da Daura da Katsina ya bi, bai leƙo wannan kusurwa ba.

Iyaka ma ta zama abin da ba a iya dogara da shi. Cikin 1998 ƙasashen ECOWAS sun amince da takardar shaidar ƙetare iyaka ta makiyaya, wadda ke nuna yawan garke da alluran da aka yi masa da hanyar da zai bi, dabara ce mai kyau in da an riƙe ta. Amma Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, Nijar ta fice daga ƙungiyar cikin Janairun 2025, kuma gab da babbar sallar 2025 ta hana fitar da dabbobi daga ƙasarta. Kowace hukuma tana da dalilanta, ba su ne abin tattaunawa a nan ba; abin lura shi ne duk ranar da aka rufe ƙofa, dabbobi ba su fasa shigowa, sai dai su bi ta jeji da dare, su kauce wa jami'in kwastan, su kauce wa likita tare da shi.

Mutanen Somaliya sun ɗanɗana irin wannan darasi da tsada. Cikin 2000 Saudiyya ta hana shigo da dabbobinsu saboda wani zazzaɓi da ke kama dabba da mutum, aka yi shekaru tara kasuwar alhazai tana rufe gare su, ba ta buɗe ba sai cikin 2009, bayan an gina wuraren killacewa da gwajin jini a tashoshin Barbara da Bosaso. Daga nan suka koma aika miliyoyin tumaki da awaki duk shekara. Ragon Barbara bai fi balami ko uda ba ta kowace fuska. Abin da ya fi su da shi takarda ce wadda mai saye ya yarda da ita, takardar kuwa ba ta samuwa sai da shinge da ɗakin gwaji da likitan da ba a sayen sa hannunsa.

Ba za a ce hukumomi sun yi barci ba. An sabunta dokar cututtukan dabbobi ta 1988 cikin 2022, a shekarar ne kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don shirin bunƙasa kiwo a Nijeriya. Cikin 2024 aka kafa Ma'aikatar Raya Kiwo ta Tarayya. Gwamnatin Jigawa tana gangamin allura kyauta, duniya kuma ta sa 2030 a matsayin wa'adin kawar da annobar tumaki da awaki, da allurar da aka samo asalinta daga ƙwayar cutar da aka ɗauka a Nijeriya cikin 1975, wadda sau ɗaya in an yi ta tana tsare dabba shekaru. Sai dai gangami yana da lokacinsa: in an yi shi bayan garkuna sun gangara kudu cin rani, shanun gida kaɗai zai samu, in kuma an yi shi a Maigatari ba a yi a Dungas da Magarya ba, to an share ɗaki ne an bar ƙofa a buɗe ga iska.

Don haka kiranmu ga masarautar Gumel da shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu shi ne su zauna da arɗaɗe da shugabannin kara da takwarorinsu na ƙasar Damagaram, su tsai da watan allura guda bayan girbi, kafin garkuna su watse, su kuma ware wani kaso sananne daga kuɗin shigar da ake karɓa a kan kowace dabba ranar Alhamis don ruwa da shinge da firji da diyya, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. Kai kuma mai karatu, in ka sayo sa ko rago daga kara, kada ka haɗa shi da na gida ran nan. Ɗaure shi a turke dabam, da kwanon ruwansa dabam, ya yi aƙalla mako uku kana lura da shi, in ka ji tari ko ka ga majina ka kira malamin dabbobi kafin ka kira mahauci.